Ƙarfen da Na Sa Aka Cire wa Motar Autana

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na tsufa ina suyar waina a bakin tashar Batsari, babu direban da bai ci daga hannuna ba. Abin da ya ruɗe ni ke nan, na ɗauka jin hirarsu ya mai da ni bakanike.

Da autana ya samu 'yar motarsa, kullum yana jigilar mutane daga Batsari zuwa Safana, ya dawo ya ci tuwo a gabana. Yayyensa duk sun yi kudu neman abinci. Shi kaɗai ya rage mini, kuma motar nan ce ta riƙe shi a gida.

Ranar da ya fara ɗaukata, na ga wata allura a gabansa, mai nuna zafin inji, ta hau ta tsaya a tsakiya. Da muka dawo tasha na dafa gaban motar, ba shiri na janye hannu.

"Kai, motar nan zazzaɓi take yi! Ba ka sa an cire mata ƙarfen nan ba?"

Kowa a tasha ya san shi. Wani ɗan abu ne kamar murfin buta, yana tsare ruwa, sai injin ya yi zafi ya buɗe. Direbobi suna cewa don ƙasar sanyi aka yi shi, da mota ta iso sai a ciro a yar.

Ya ce, "Inna, bakaniken Katsina ya ce in bar shi, tsakiyar nan ita ce lafiyarta. Ke kanki kina zuba ƙullu a tanda mai sanyi?"

Wani direba, bakinsa cike da wainata, ya ce, "Iye! Yau ɗa na koya wa uwa suya!" Aka kwashe da dariya.

Wallahi dariyar ce ta ci ni, ba zafin mota ba. Kwana uku yana gaishe ni ina kau da kai. Ran na huɗu ya je aka cire.

Allura ta kwanta ƙasa, ni kuma ina ta baza labari cewa na warkar da mota. Sai ta fara shan fetur kamar rijiya, baƙin mai na lalacewa da wuri, bayanta na tuttuɗo hayaƙi. Damina biyu, injin ya gama. Bakaniken da ya buɗe shi ya ce injin da ba ya samun ɗuminsa cin kansa yake yi a hankali. Yaron nan bai taɓa maimaita mini maganar ba, a bakin matarsa na ji.

Kuɗin sabon inji ya fi ƙarfinsa. Ya sayar da gangar motar, wani ya ba shi tuƙin babbar mota a kudu.

Da ya zo sallama ya durƙusa a bakin ƙofata, na shirya in ce masa laifina ne. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka riƙa yin salla a kan lokaci."

Ya ce, "To, Inna." Ya ɗauki jakarsa ya fita.