Bokitin da Kawu Ya Cika da Wuri

Kawu ne direban motar kashe gobara a filin makarantar koyon tuƙin jirgi, ni kuma mai riƙe masa tiyo. Shekara ashirin da uku yana ajiye jar motar a rumfar kwano ɗaya, ya jingina da tayar gaba yana kallon 'ya'yan mutane suna dukan ƙasa da ƙananan jirage. Bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Amma daga ƙarar inji yakan gane wanda zai sauka lafiya da wanda zai ba makanikai aiki, kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba, duk da na so.

Akwai saukar da ya fi tsana. Ɗalibi ya zo da gudu, jirgi ya taɓa ƙasa ya yi tsalle kamar ƙwallo, tsoro ya sa ya danna hancin ƙasa. Tsalle na biyu ya fi na farko, a na uku tayar gaba ta karye. Maganin abin, in ji Kawu, a ba inji wuta a tashi, a zagayo a sake. Sai dai ni kaɗai yake faɗa wa. Rediyon motarmu da hasumiyar kula da jirage kawai yake magana, kuma Kawu mutum ne mai sanin matsayinsa har abin ya yi yawa.

A makarantar, ranar da ɗalibi ya fara tashi ba malami, in ya sauko sai a sheƙa masa bokitin ruwa ana shewa. Kawu ke tara ruwan daga tankin mota, kuma ba ya buɗe famfo sai farfela ta tsaya cak.

Sai ga autarsa ta shiga makarantar. Na sha ce masa ya zaunar da ita ya faɗa mata abin da idonsa ya gani. Ya ce tana da malamai masu lasisi, shi direba ne, kada ya rikita mata karatu. Haushi ya kama ni, na ce wannan ba kunya ba ce, wauta ce. Dariya kawai ya yi.

Ranar tashinta ita kaɗai, da hantsi, malaminta ya fito daga jirgin ya rufe mata ƙofa. Tana sama na ji zubar ruwa a bayana. Kawu ne yake cika bokiti, baki har kunne. Na yi masa tsiya cewa tsufa ya zo masa da zumuɗi.

Da ta juyo za ta sauka, fara'arsa ta ɗauke. "Gudun ya yi yawa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Jirgin ya taɓa, ya yi sama, hancin ya sunkuya. Kawu ya fizgi rediyon mota. "Ba shi wuta, Auta. Tashi ki zagayo." Mai hasumiya ne ya amsa, ya ce a bar layi. Malaminta ma yana ta faɗar haka a nasa rediyon, amma ta riga ta daina jin kowa.

A tsalle na uku tayar ta karye, jirgin ya kife a ciyawa. Nan da nan muka isa. Wuta ba ta tashi ba, kuma an hana mu motsa wanda ya bugu a gadon baya, don haka muka tsaya jiran masu asibiti, tankinmu cike da ruwa. Kawu ya durƙusa ya riƙe yatsunta ta fasasshiyar taga. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Ta rayu, amma likita ya ce kada a sa rai za ta sake takawa. Ina ɗakin asibitin ranar da ta tambayi Kawu ko ya taɓa ganin irin wannan saukar.

"Sau da yawa," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. "Ai da ka ba ni labari, Baba."

Har yanzu yana zuwa aiki, yana jingina da tayar. Bokitin kuwa ya bar mini. Ko jiya wata ɗaliba ta sauko lafiya, ni na tara ruwan, shi ya zauna a cikin mota ya rufe gilashi.