Salular da Yaya Ta Zaɓa

A bazarar da ɗiyar yayata ta haihu a Arlit aka ɗora mini aikin sayen salula. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye kusa da Kanambakashe. Aji biyu ne a hannuna, don abokin aikina ya tafi jinya bai dawo ba, ga zafi, ga rumfar karan da muke karatu a ciki iska ta kwashe rabinta. Ba ni da ƙarfin wani aiki. Amma Yaya ce, ita ta goye ni, kuma ko da furfura ta cika mini gemu Auta take ce mini.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe gidanta, kuma ɗiya ɗaya ce ta rayu mata, wadda ta auri direban babbar mota suka yi arewa. Da haihuwa ta zo Yaya ba ta iya zuwa ba, hanya da nisa, ƙafafunta kuma sun fara kumburi. Sai ake turo hotunan jaririn a salular wata maƙwabciyarta. Kwanakin farko da gudu matar take kawowa. Zuwa mako na uku, sai Yaya ta yi sallama sau biyu kafin a leƙo a ce mata salular tana wurin sharji.

Ran nan na taso daga lakwal na tarar da ita zaune a ƙofar gidana. Ta sayar da akuyarta haɗe da ɗan akuyar. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini kuɗin.

"Auta, ka sawo mini irin wadda ake ganin mutum a ciki. Kai ka yi lakwal, kai ka san su."

"Yaya, ni lissafi da Faransanci nake koyarwa, ba salula ba."

"Duk ɗaya ne," ta ce, ta dafa bango ta miƙe.

Kuɗin ba su kai na sabuwa mai kyau ba. Akwai sababbi masu araha, amma na ga ƙarshensu a hannun mutane, wata shida sun fara zafi suna mutuwa da kansu. Abin da ya rage shi ne okaziyo, wato na hannu, irin waɗanda shekara uku ko huɗu da suka wuce ma'aikata ke yayi, ba na manya ba, ba kuma na yara ba. A nan wahalata ta fara.

Ranar kasuwar Mayahi na hau moto, wato babur ɗina, na tafi. Na bi teburin masu salula ɗaya bayan ɗaya. Kowa na faɗa wa abin da nake so sai ya ce ai na zo gida, ya ɗauko wata ya goge ta da rigarsa ya miƙo. Wannan ya ce kada in yarda da ta wancan, wancan ya ce ta wannan an taɓa tsamo ta daga ruwa. Na rubuta lambobi a bayan takardar jarrabawar yara, girman ciki, ƙarfin batir, kyan hoto. Rana ta take, kaina ya ɗau ciwo. Na sha fura a tsaye na koma gida da kuɗin Yaya a aljihu yadda na tafi da su.

Mako biyu ina wannan hali. Na tambayi majo, babban ma'aikacin jinya na likitar garinmu, ya ce hoto shi ne salula. Na tambayi mai shagon sharji, wanda ke da faifan hasken rana a kan rufinsa duk ƙauyen ke kai masa, ya ce batir shi ne salula, sauran duk ado ne. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Maraɗi ya turo mini saƙon murya mai tsawo, ya lissafo iri bakwai, a ƙarshe ya ce shi dai da zan ƙara kuɗi in sayi sabuwa da ya fi. Bai ce zai ƙara ba. Abin da ke tsorata ni ɗaya ne. Da kuɗina ne, in na yi asara in haɗiye. Amma akuyar Yaya ce, na san tun tana ƴar ƙarama take ba ta dusa da hannunta.

Kullum da la'asar sai ta aiko a tambaye ni. Daga baya ta daina aike. Na je gaishe ta na same ta tana matsar tunkuza, mai na bin yatsunta, ba ta ɗago ba.

"Yaron nan zai yi haƙori ban gan shi ba," ta ce. "Gobe ka ɗauke ni mu tahi Tasawa. In ba ka iya zaɓe, ni in zaɓa."

Mun fita da sassafe. Hanyar yashi ce, kuma moto da mutum biyu ba ya son yashi. Sau uku muna sauka, ina turawa tana biye da ni a hankali da kumburarrun ƙafafunta, riƙe da takalmanta a hannu. Ba ta yi ƙorafi ba. Da muka hau kwalta na ji ta sauke numfashi a bayana. Hantsi ya yi sosai kafin mu shiga Tasawa.

Majo ya kwatanta mini wani mai gyara da sayarwa a bakin kasuwa, mutum mai kamar shekara arba'in wanda ya yi zaman Libiya, da tabarau ɗaure da zare. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya ba Yaya kujerarsa, ya aika aka kawo mata ruwan sanyi, sannan ya saurare ni har na gama karanto takardata. Bai katse ni ba. Ya jawo akwati ya fito da salula uku ya jera a kan tebur.

Ta farko mai ruwan toka ce, siririya, mara nauyi. Ya ce a zamaninta ita ce ta shugabannin ofis, hotonta kamar ka taɓa mutum, amma batirinta ya gaji, kuma in gilashinta ya fashe sai an aika Kano. Ta biyu baƙa ce mai kauri, gefenta duk ƙuje, hotonta ba yabo ba fallasa, sai dai tana kwana biyu ba a kai ta sharji ba, kuma kayan gyaranta ko a Mayahi akwai. Ta uku mai ruwan zinariya, tana walƙiya kamar yau aka ɓare ta, ita ce kuma mafi araha.

Idona ya tsaya a kan ta ukun. Ya lura, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, wannan an taɓa buɗe ta. Ba ni na buɗe ba, ban san abin da aka canza a ciki ba. Tana aiki yau. Gobe Allah ne masani. Da kai kaɗai ka zo da ban faɗa maka da wuri haka ba, amma ga tsohuwa zaune."

Na tura ta gefe. Saura biyu. Na ɗauki mai ruwan tokan na ɗauki hoton Yaya, na ɗauki baƙar na sake ɗauka, na jera mata.

"Duba, Yaya. A nan har zanen fuskarki ya fito. A nan kuwa kamar hayaƙi. Jikanki kike son gani, wannan za mu ɗauka."

Ta karɓa ta daɗe tana kallon fuskarta. Ina jin ba ta taɓa ganin tsufanta ƙarara haka ba. Ta ajiye, ta juya wurin mai shagon.

"Ɗana, sa su su yi magana in ji."

Ya kunna karatun Alƙur'ani a ta farko. Ta kara a kunnen dama, ta mayar na hagu, ta sake mayarwa dama. Sai a ranar na san kunnenta na hagu ya mutu, shekarun da ta yi tana tsayuwa gaban injin niƙan gyaɗa sun cinye shi, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ya kunna baƙar. Muryar ta cika shagon har wani mai wucewa ya waiwayo. Yaya ta riƙe ta nesa da kunne, ta gyaɗa kai.

"Wagga tana da baki. In ta kuɓuce mini hwa? Hannuna kullum da mai."

"Inna, ta sha faɗuwa kafin ta zo nan. Dubi gefenta."

"To ita nika so."

Na ce, "Yaya, hoton fa?"

Mai shagon ya cire tabarau ya goge. Cikin ladabi ya ce, "Mushe, hoton da za a turo mata daga can, salular can ce ke ɗaukarsa. Yadda aka turo haka zai zo, ko a wannan ko a waccan. Kyan hoton da kake dubawa na wanda zai ɗauka ne. Inna kallo za ta yi."

Na tsaya da takardata a hannu. Mako biyu ina auna abin da bai shafe ta ba, kuma cikin duk waɗanda na tambaya ba wanda ya tambaye ni abin da tsohuwar za ta yi da ita. Ni ma ban tambaye ta ba. Na ninke takardar na sa a aljihu. Yaya da kanta ta yi cinikin, irin na mai sayar da mai, ta miƙe kamar za ta tafi har sau biyu. A ƙarshe ya rage mata, ya haɗa mata da rigar roba da wayar sharji, abin da ya saura ta sayi turmin atamfa na goyo ta ce a aika Arlit.

A nan shagon aka kira ɗiyarta, don rezo, wato layin sadarwa, ya fi ƙarfi a gari. Fuskar yarinyar ta fito, ta yi ihu, ta juya ta ɗauko jaririn. Yana barci, bakinsa a buɗe. Yaya ta riƙe salular da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Kunnen kakansa ne." Sai ta shiga faɗa, wai me ya sa ba a sa masa hula ba.

Komowa ta fi tafiya wuya. Rana ta take a kanmu, esans, man moto, ya kusa ƙarewa, yashin ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Muka zauna ƙarƙashin wani gawo muna jiran rana ta yi sanyi. Ta kwance salular daga bakin zane, ta duba, ta sake ɗaurewa.

Koya mata ya ci wata guda. Ba ta karatu, don haka na sa hoton jaririn a kan lambar ɗiyarta, na nuna mata inda za ta danna ta riƙe ta yi magana. Sau da yawa takan saki da wuri, sai sallamarta kaɗai ta tafi. Rezo a ƙauyenmu sai an hau tudun bayan rijiya, kuma nakan hango ta daga lakwal tana hawa a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Saƙonninta dogaye ne, labarin wanda ya rasu, farashin gyaɗa, maganin ciwon ciki na jarirai. Amsar ɗiyar gajera ce, wani lokaci sai bayan kwana huɗu. Yaya ba ta taɓa cewa abin ya dame ta ba. Takan ce mai jego ba ta da lokaci, har bayan yaron ya fara tafiya tana faɗin haka.

Ni kuwa abin da na samu shi ne suna. Labari ya bazu cewa Mushe ya san salula, ga ta yayarsa shekara guda ko tari ba ta yi ba. Na yi ta cewa ba ni na zaɓa ba, ba wanda ya yarda. Mutane suka fara zuwa da kuɗinsu a leda, har daga wajen Isawan wani Bafillace abokin mahaifinmu ya zo, yana son wadda zai riƙa jin labarin ƴaƴansa in sun tafi da shanu. Ban iya cewa a'a ba. Na koyi dai fara tambayar mutum abin da zai yi da ita, da inda zai yi sharji, da ko idonsa da kunnensa lafiya. Duk da haka ba kullum ake dacewa ba. Na zaɓa wa wani maƙwabcina wadda ta mutu bayan kwana arba'in, kuma har yau in mun haɗu a masallaci hannu kawai yake ba ni, ba ya tambayar iyali.

Sai da yaron ya shekara biyu uwarsa ta kawo shi gida. Yaya ta share tsakar gida sau biyu, ta yanka zakara. Da suka shigo ta miƙa hannu, yaron ya ƙanƙame uwarsa ya ɓoye fuska. Kwana uku yana gudunta. A na huɗu na shiga na tarar da shi zaune a kan ƙafafunta masu kumburi yana gurgurar ƙuli-ƙuli, tana ce mini in yi a hankali kada in firgita shi. Kwana goma sha biyu suka yi. Ni na kai su tashar Mayahi a moto, yaron a tsakiyarmu, jaka a kan tanki, jarkar man gyaɗa ɗaure a baya. Motar ba ta cika ba sai bayan azahar. Na jira har ta tashi, sannan na sayi esans kwalba ɗaya na kama hanyar gida, don washegari akwai jarrabawa kuma ban rubuta tambayoyin ba.