Mai Gangar Kaset Na Uku

Shekarar da muka tare a unguwar Manfuha ɗaki ɗaya gare mu da ɗan kicin, a saman bene, taga tana kallon bangon maƙwabta. Ni dama ba mai son fita ba ce, balle a Riyad ta wancan lokacin da ko'ina ake haƙa rami ana zuba kankare. Maigidana direba ne, yana tuƙa wani Bature injiniya, mutumin kudancin ƙasar Amurka, daga unguwar Malaz zuwa wurin gini. In ya fita da sassafe sai bayan la'asar. Abokiyar wunina rikoda ce, baƙa mai mariƙi.

Kaset biyu muka zo da su daga gida. Zafi ya lanƙwasa ɗaya, ɗayan kuma na saurara har ya fara ja. Sai Baturen ya ba maigidana kaset uku na wasu mawaƙan yankinsu da ya ɗauko daga faifai. Ba hoto ba suna, lamba kawai da biro: ɗaya, biyu, uku.

Ranar farko kashewa na yi, na ce wannan ai faɗa ake yi. Amma shiru ya fi faɗan ciwo, washegari na sake kunnawa, ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Karatuna bai wuce allo ba, Turanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Sai dai babana makaɗin kalangu ne na mahauta, cikin kiɗa na buɗe ido.

Na ɗaya ɗanye ne. Jita biyu suna rige-rige, mawaƙin muryarsa a shaƙe kamar ya kwana yana kiran shanu, har ana jin yatsa na goga wayar jita. A na biyu sun sami sarari, an shigo da fiyano, jitocin sun koyi jiran juna, wannan ta faɗa waccan ta amsa. Na uku kuwa fes yake, har da mata 'yan amshi, mawaƙin ya rage ihu. Da daɗi, amma wani abu ya tsaya mini a kunne kwana da kwanaki. Ina tsintar shinkafa na gano shi. Mai gangar da nakan ji a na ɗaya da na biyu yana ɗan jinkiri kafin ya sauke sanda, kamar mai daka da ta san ba inda za ta. Na wannan kaset ɗin yana dukan kan gaɓa cif, yana ma tura sauran gaba. Ba mutum ɗaya ba ne.

A makon ne maigidana ya shigo ya ce abokansa gwauraye, su shida a gida ɗaya a ƙarshen layinmu, sun roƙi aron rikodar.

Na ce, "Irin aron da suka yi wa fankarmu?"

"Hajiya, ke fa ba jin abin da suke faɗa kike ba. Hayaniya kawai kike sha."

"Malam, kai da kake ji, ka san sun canza mai ganga a na uku?"

Ya yi dariya har ya zauna. "Ke kika raka shi tasha?"

"Tambayi Baturenka. In na yi kuskure, ni zan naɗe wayar in miƙa maka. In na yi daidai, ko sarkin gwauraye ne ya zo ba ta fita."

Ya yarda, don ya tabbata ya ci. Ni kuma da ya fita da safe sai na fara kokwanto. Idan mai gangar nan lafiya kawai ya samu, ko aure ya yi hannunsa ya yi sauri fa? Na mayar da na biyu, na mayar da na uku, na kalli bangon maƙwabta ina tunanin wunin da zan riƙa yi da shi.

Kwana biyu bai tambaya ba, wai yana jin nauyin ya ce wa ubangidansa "matata ta ce". Rana ta uku ya dawo, ya wanke hannu, ya ci shinkafa, ya yi ta ba ni labarin wata babbar mota da ta maƙale a rami. Na bar shi har ya sha shayi.

"Malam."

"Na'am."

"Mai ganga."

Ya sosa ƙeya. Ya ce da Turancinsa guntu da Larabci da dukan sitiyari ya yi tambayar. Baturen ya cire tabarau, ya tambaye shi ko wa ya gaya masa. Ashe mai gangar farko ya gaji da yawon gari-gari ya koma gida, aka ɗauki wani. Shi ma Baturen tsohon ya fi so, har ya ce ƙaninsa ya shekara yana musa masa cewa babu wani bambanci.

"To, gwaurayen fa?"

"Na ce musu ta lalace."

Na ce ya je ya gyara maganarsa, ya ce musu lafiyarta ƙalau, matar gidan ce ta hana. Ya tafi yana gunaguni, ni kuma na ɗan ƙara wa rikodar murya kaɗan.