Buhun Iri a Shagon Ƙungiyarmu

Ni tela ce, kuma bakina ba ya shiru, wannan duk unguwarmu a Ƙauran Namoda an sani. Shi ya sa da aka kafa ƙungiyar taimaka wa 'yan gudun hijira aka ce ni zan riƙa shiga gidaje neman sadaka, wai ba a iya ce mani a'a a zauna lafiya. Na karɓa da murnata. Lokacin mutanen ƙauyukan Zurmi da na wajen Kurya Madaro sun cika gari, 'yan bindiga sun koro su, wasu suna kwana a kangaye, wasu a ajujuwan makarantar firamare.

Mun tara, ba laifi. Maza suna tsayawa ƙofar masallaci ranar Juma'a. 'Yan garinmu da ke Kaduna da Abuja suna turo nasu ta waya. Manoman Ɗan Isa suna fiddo damman gero daga rumbu, 'yan kasuwar Shinkafi kuma suna auna mana tiya-tiya. Duk abin da aka samu a zuba shi a wani shago da shugabanmu ya ba mu aro. Alhaji ne mai sayar da kayan gini, mutumin kirki, wallahi ba zan ci zalinsa ba, hannunsa a buɗe yake. Sai dai in ya riga ya yanke magana, ko rantsuwa ka yi masa ba ya ji. Taronmu kuwa, Allah ya kyauta! A zauna tun bayan la'asar har a kira magariba ana gardamar kalar rigar da 'yan agaji za su sa ranar rabo, mutane can suna kwana da ruwan rijiya a ciki.

A makarantar na haɗu da wata tsohuwa. Na kai tsofaffin tufafin da na yi wa faci, mata suka taso suna zaɓa, ita ko tana zaune daram a kan wani buhu a kusurwar aji, ko motsi ba ta yi ba. Na ce, "Inna, ke ba ki son zane ne?" Ta ce tana so, amma ba ta tashi daga kan buhun nan. Daga wani ƙauye take a ƙasar Zurmi. An kashe mijinta a gona, ta gudo da jikokinta, kuma duk abin da ke gidan, buhun nan kaɗai ta ɗauko.

Ta kwance bakinsa ta nuna mani. Zangarniyoyin gero ne, dogaye, cikakku, sun yi baƙi da hayaƙi saboda a saman murhu ake rataye su don kada ƙwari su ci.

"Iri na, ɗiyata," in ji ta. "Maigidana ya zaɓe su da hannunai, kai-kai, awa yadda ubanai ya koya mai. Wanga gero ba ya jiran ruwa da yawa. Tun da anka kawo ni gidan shi muke shukawa."

Wani ɗan uwanta a Ɗan Isa ya yi mata alkawarin ɗan fili in damina ta faɗi. Damuwarta kafin nan ce. Ɓeraye sun dame su a ajin, awakin unguwa suna shigowa, ga jikoki da yunwa suna zare zangarniya suna tauna in ta juya baya. Ko makewayi za ta sai ta roƙi wata ta zauna mata a kai. Na ce ta kawo a ajiye mata a shagon ƙungiya, akwai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ta daɗe tana kallona kafin ta yarda. Na ɗinka jan ƙyalle a bakin buhun, na kai shi da kaina, na ce wa Alhaji a gaban mutane, "Alhaji, wannan ba sadaka ba ce, amana ce. Irin shukar wata baiwar Allah ne." Ya ce, "Ba komai, Hajiya, na ji." Yana faɗa yana danna waya.

Ana nan sai Alhaji ya ga wani ɗan gudun hijira a kasuwa yana sayar da geron da muka raba. Ai kuwa ya zo taro yana huci. Wai mutane sun cire daga bakin 'ya'yansu sun bayar, wasu suna kaiwa kasuwa. Daga yau ba a ƙara raba tsaba, duk abin da ke shago a sussuke, a kai inji a niƙe, a raba gari. Gari dai ba mai saye a hannunsu.

Na miƙe. Na ce haba Alhaji, mutumin nan da ya sayar da tiya guda, gishiri fa? Sabulu fa? In yaro ya kwanta zazzaɓi, da gari za a biya mai magani? Kuma ga zafin bazara, garin gero kwana nawa yake yi bai yi ɗaci ba? Matan ƙauye ne, a ba su tsabarsu su surfa, wadda ke son fura ta dama, wadda ke son kunu ta yi. Wani daga baya ya ce, "Hajiya, ke dai kin cika magana." Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu, na tashi ni kaɗai. Raina ya ɓaci sosai, na fito ko addu'ar rufe taro ban tsaya ba.

Ranar da aka sa za a yi sussukar ta faɗo daidai da kasuwar Shinkafi, ni kuma aka tura karɓo abin da 'yan kasuwa suka yi alkawari. Kafin in tafi na sake tsayawa shagon Alhaji na tuna masa buhun mai jan ƙyalle. Ya ce, "Kai, Hajiya, sau nawa za ki faɗa?" Hanyar Shinkafi kuwa ba a binta yadda aka ga dama, sai motoci sun taru a tafi tare, in yamma ta yi a haƙura. Dole na kwana can gidan ƙanwata.

Da na dawo na tarar da bayan shagon ya cika da ƙaiƙayi, turame a kife, matan ƙungiya suna ƙulla gari a leda suna ta hira. Matan gari ne irina, a kwano muke sayen hatsi, ba wadda ta taɓa rataye iri a saman murhu. Tun kafin in ajiye jaka ɗaya daga cikinsu ta ce, "Hajiya, kin rasa abin dariya jiya. Wani marowaci ya kawo mana sadakar tsohon gero, baƙi ƙirin, sai warin hayaƙi. Da ƙyar muka haɗa shi da mai kyau don ya ɓace a ciki."

Na shiga shagon, kusurwar wayam. Buhun na gani a waje, da jan ƙyallena a bakinsa, an cika shi da gari.

Abin da na faɗa wa Alhaji ranar, ban taɓa faɗa wa namiji irinsa ba. Na ce amana aka ba ka, na faɗa maka da Hausa, na maimaita! Ya ce shi makulli kawai ya miƙa, ya ce a kwashe duka, ya manta. Ya yi salati, na ga abin ya taɓa shi. Sai kuma ya ɓata shi da kansa. Wai in kwantar da hankalina, gobe zai sa a auno mata iri a kasuwa, wanda ma ya fi nata, daga aljihunsa. Na ce, "Alhaji, a wace rumfa ake sayar da wanda mijinta ya zaɓa?" Na so ya yi gardama in samu inda zan sauke abin da ke cina, bai yi ba.

Ba wanda ya yarda ya je ya gaya mata, sai ni. Na same ta tana tsefe wa jikarta kai. Na durƙusa na faɗa mata tiryan-tiryan, ban ɓoye komai ba. Na shirya ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Hannunta dai ya tsaya a kan yarinyar. Can ta ce, "Dukai anka niƙe?" Na ce duka, Inna. Ta ce, "To. Allah ya sa ya shiga cikin masu yunwa." Sai ta yafa mayafinta ta ce in kai ta shagon.

Mun tarar an fara rabo. Layi har bakin titi, 'yan agaji cikin sababbin rigunansu, wani yana ɗaukar hoto don a tura wa masu bayarwa. Alhaji ya hango mu ya taso da sauri da ledar gari biyu a hannu. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce a ajiye mata tukuna. Tsintsiya ta roƙa.

Ta shiga ta tambaye ni inda buhun ya zauna, na nuna mata. Ta duƙa ta share kusurwar a hankali, ta tara ƙurar wuri guda, ta zauna a ƙasa tana tsintar ƙwayoyin geron da suka zube, tana hura su a tafin hannu. Ni ina tsaye, baƙin ciki kamar ya kashe ni, don na san damman Ɗan Isa da buhunan Shinkafi duk a kusurwar nan aka jingina su. Waje ana ta kiran layi.

Abin da ta samu bai rufe tafin hannunta ba. Ta miƙo mani shi wajen hasken ƙofa.

"Ɗiyata, idanuna sun tafi. Duba mani. Nashi na?"

Na duba. Ni tela ce, gero duk gero ne a idona.

Na ce, "Nashi ne, Inna."

Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ƙara ƙulli na biyu, sannan ta fita ta shiga layi.