Kask Biyu, Kunne Ɗaya

Kunnena na hagu ya mutu a shekarun harbi. Wani abu ya fashe a bayan katangarmu a unguwar Kokoro, na tashi daga ƙasa, kunnen bai tashi ba. Ban kai kukansa ko'ina ba. Wasu ƙafa suka rasa, wasu ɗa.

Na dama ne ya rage mini. Ina da injin markaɗen gyaɗa a bakin wani layi a Kasuwar Kilomita Biyar, yana ruri tun safe har la'asar. Bara sai kunnen ya fara kuka shi kaɗai, kamar gyare ya shige ciki. Ko na kashe inji, gyaren yana nan. Likita ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya ce injin ne ke cinsa, in ban tare shi ba zai bi ɗan'uwansa.

Na gwada auduga. Takan faɗa cikin gyaɗar mutane.

Ina da ƙane mai sayar da waya a cikin kasuwar. Ya yi gemu, ya tara 'ya'ya, amma har yau bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya zo mini da kwali biyu, ya ɗora a kan buhu. A ciki akwai abin nan da matasa ke kifawa a kunne suna tafiya suna kaɗa kai. Mu nan kask muke ce masa.

Ya ce, "Yaya, ba igiya, ba komai. Wannan na manya ne, wannan na tsaka-tsaki. Ki gwada duka, ki riƙe ɗaya, ɗayan ya koma shago."

Na ce, "Na rabin kai babu? Kunne ɗaya gare ni."

"Ba a yin na rabin kai."

"To rabin kuɗinka ya tafi a banza."

Ya haɗa su da wayata, ya tafi yana dariya.

Na tsaka-tsaki na fara sawa. Baƙi ne, da warin sabon bokitin roba. Yana matse kai ta saman kallabi kamar ana bina bashi. Kafin azahar gumi ya taru a cikin soson, ya haɗu da ƙurar gyaɗa, na cire na ga wani abu kamar gozo, tuwon rogonmu, wanda ya kwana, ya zagaye mini kunne. Na goge da bakin zane. Na kunna karatun Alƙur'ani da ke cikin wayar, muryar malamin ta fito kamar daga cikin randa. Inji kuma yana nan, sai dai an rage masa kaifi. Ina jin masu kawo markaɗe in sun ɗaga murya. Ina jin babur. Na ce a raina, wannan ai auduga ce mai cin caji.

Mai tsadar kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Fatarsa laushi kamar tafin jariri, ba ya matsa, ba ya nauyi. Ina kifa shi sai wata mata ta yi magana da Faransanci a cikin kaina, ban gayyace ta ba. Daga nan duniya ta ɗauke. Ga inji yana rawa a gabana, belinsa na juyawa, amma ba kuka, sai ɗan gurnani a ƙafafuna. Mata na motsa baki kamar kifi a kwano. Na kunna karatun nan dai. Wannan karon har numfashin malamin nake ji, har haɗiyar yawunsa tsakanin aya da aya. Bawan Allah da ban taɓa gani ba, ga shi da maƙogwaronsa a cikin kunnena. Ban so ba. Amma da yamma da na cire, gyaren ya yi laushi fiye da kullum. Na yi barci. Saboda haka washegari na sake sawa, jibi ma haka.

A layinmu akwai wata al'ada da ta rage mana daga shekarun nan. In abu ya taso, ba a ihu. Wanda ya fara ji yakan bugi ƙarfe, na kusa da shi ya buga nasa, a haka har ƙarshen layi, kowa ya ja ƙofa. Nawa guntun ƙarfen gaban mota ne, yana rataye a jikin ƙofata. A bayana akwai wani lungu marar mafita inda mata ke daka ganyen rogo suna sayarwa. Ba sa ganin titi. Bugun kowa ba ya kai musu sai nawa. Shi ya sa ko inji na ruri, kunnena ɗaya yana waje.

Ranar da abin ya faru ina sanye da mai tsada, kaina a sunkuye, ina tura gyaɗa da muciya. Na miƙa hannu in karɓi kwano na gaba, ba wanda ya miƙo. Na ɗago. Kwanuka a zube, takalmi wari ɗaya a bakin ƙofa, layi duka a rufe. Ni kaɗai ce a buɗe, injina yana kiran duk mai son zuwa. A kunnena malam yana haɗiyar yawu.

Na fizge shi na jefar cikin buhu, na kashe inji, na ɗauki ƙarfe. Kafin in buga sai na ga ƙofofi sun fara buɗewa. Tayar wata babbar mota ce daga Kamaru ta fashe a bakin titi. Mutane suka fito suna dariya, kowa na tsokanar wanda ya fi shi gudu. Maƙwabcina mai kayan gini ya ce, "Mama, mun buga har hannu ya yi zafi. Muka ce yau kin zama soja."

Ban yi dariya ba. Na zaga lungu. Matan suna zaune suna daka, ɗaya da goyo, ba su san an yi komai ba. Babbarsu, tsohuwa ce da muka taɓa kwana ɗaki ɗaya a wancan lokacin, ta dube ni, ta dubi ƙarfen da ke hannuna.

Ta ce, "An buga ne?"

Na ce, "An buga. Taya ce."

"Taya ce yau," in ji ta. Ta ci gaba da dakanta.

Da ƙanena ya zo na miƙa masa abinsa, duk ya yi maiƙo.

Ya ce, "Haba Yaya, ai yana da wurin da ake shafawa, sai ya bar ƙarar waje ta shigo. Ba ki tambaya ba."

"In ƙarar waje ta shigo, inji ma ya shigo?"

Ya sosa gemu. "Zai shigo."

"To me na saya?"

"Sai ki riƙa shafawa lokaci-lokaci, ki saurara."

"Mai harbi zai sanar da ni lokacin? Ga hannu duk man gyaɗa, na shafa jiya matar nan ta hau yi mini surutu."

"Wannan fa shi manyan mutane ke sawa a jirgi."

"A jirgi wani ke tuƙi."

Ya ce likita fa, kunnen fa. Na ce na ji likita. Abin da ya ba ni ƙyama shi ne a ce mutane sun zauna sun ƙera kurumta, sun lulluɓe ta da fata mai laushi, har ana rububin saye. Ni an ba ni rabinta kyauta, na san ɗanɗanonta.

Na riƙe na tsaka-tsakin. Har yau yana matse ni, yana wari, soson ya fara ɓarewa yana bar mini baƙin gari a kallabi. Kowace yamma sai na kankare shi da tsinke. Ba na kunna komai a ciki, cajinsa ma ya daɗe da ƙarewa. Gyaren bai tafi ba, wata rana ma yakan ƙara murya. Kunnen zai tafi, na sani, sai dai a hankali. Na sa maƙwabcina ya bugi ƙarfensa inji na ruri, don in gwada. Na ji shi, can ƙasa-ƙasa. Na buga nawa. Tsohuwar ta leƙo daga lungu da taɓarya a hannu, ta zage ni da yaren Sango, ta koma.