Hujin Ƙusa a Gindin Akwati

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidana aka yi ta, da hannuna a ciki.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, muna zaune a Kankiya. Maigidana manomi ne, gero da dawa yake yi a gonarsa ta hanyar Fakuwa, mutum ne marar yawan magana. Ƙaninsa kuwa direban babbar mota ne, baki gare shi kamar ganga, kuma tsakanina da shi akwai wasan nan na ƙanin miji. Shi ne ya sauko wata rana da rani ɗauke da talabijin, ya dire ta a rumfar tsakar gida, ya jona mata batirin mota. Maza suka taru suka kafa dogon ƙarfe wanda ya fi dabinon gidan liman tsawo, eriya a kansa kamar ƙayar kifi. Ƙarƙashin eriyar aka ɗaure wani ɗan akwati, bai wuce tafin hannu biyu ba, wai shi busta. Shi ke jawo hoto daga Kano ya ƙara masa ƙarfi. Ranar da mutum ya fara motsi a cikin gilashin nan, wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, wai baƙon namiji yana kallonta. Mun yi dariya har da hawaye.

To, ina da ɗiya, ta fari. Tun yaye goggonta ta Kusada ta ɗauke ta riƙo, ita ta sa ta boko, har ta kai Kano tana koyon aikin ungozoma. In an yi hutu can Kusada take sauka. Shekara uku ban sa ta a ido ba. Kun kuwa san ɗan fari: ba ka faɗin sunansa, ba ka tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko zuciyarka za ta fashe.

Tsakiyar damina wasiƙarta ta zo. Direba ya tsaya a tsakar gida yana karantawa da ƙarfi: sun gama karatu, an ɗauke su hoto ranar da aka ba su takarda, kuma ranar Asabar da yamma za a nuna su a talabijin. Ina tankaɗe a lokacin. Na ce, “To,” ban ɗaga kai ba. Amma garin nan sau uku na tankaɗe shi.

Ga inda matsalar take. Tun ruwan farko hoto ya fara lalacewa. Direba ya sa aka kwantar da ƙarfen, ya tarar da ruwa a cikin busta, ya goge, ya narka kakin zuma ya toshe kowace kafa, ya naɗe da robar taya tamau. Ya buga ƙirji ya ce ko iska ba ta isa ta shiga ba. Aka yi kwanaki ana kallo lafiya. Ranar Talata, saura kwana huɗu, aka kunna, sai baƙi da fari ke tafasa a gilashi kamar tsaki a tukunya. Ba mutum, ba murya.

Laraba da safe aka sake kwantar da ƙarfen. Na ɗauki tsintsiya na kama sharar inda na riga na share, don in ga abin da ke ciki. Kakin yana nan yadda ya sa shi, robar ba ta motsa ba. Amma da ya ɓalle murfin, sai ga ruwa ɗigo-ɗigo a maƙale a cikinsa, wayoyin sun fara kore.

“La’ilaha illallahu!” in ji direba. “Ta ina? Yaya, ka gani da idonka, ban bar ko hujin allura ba. Wanga abu da hannun iskoki a ciki.”

Na ce, “Iskoki ba su da aiki sai akwatinka? Gumi ya yi.”

“Wa ya kira ki, matata? Je ki ji da tuwonki.”

“Tuwon ne ya koya mini. Ɗaga murfin tukunya ka gani, wa ya zuba masa ruwa? Ranar da ka toshe shi hadari ake yi, ka kulle damshi a ciki. Rana ta gasa shi, sanyi ya sauko, ya zama ruwa, ya rasa hanyar fita.”

Ban yi boko ba, amma na san rumbu. Rumbu hula ake sa masa a bisa, a ɗora shi kan duwatsu iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Na kuma taɓa rufe irin gyaɗa a tulu na shafe bakin da laka bai gama bushewa ba, na buɗe na tarar da fumfuna. Duk na faɗa masa. Na ce a huda akwatin a gindi.

Direba ya riƙe ciki yana dariya. “Ku ji mini! Ni ina korar ruwa, ita tana buɗe masa ƙofa!”

“Ƙofar fita ce, sarkin sani. Ka taɓa ganin ruwa ya hau bisa da ƙafarsa?”

Sai maigida ya yi magana. “Ke mi ya dame ki da akwatin nan?”

Na ce, “Matan unguwa ne za su dame ni in sun zo ba su ga komai ba.”

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ƙusa da guduma ya miƙa mini. Shi ma fa ɗiyar farinsa ce.

Amma sai abin ya bushe tukuna, ga shi marka ta sauka. Laraba ba rana, Alhamis ba rana. Na ɗora shi a faifai nesa kaɗan da murhu, inda ɗumi ke kaiwa ba hayaƙi, ina juya shi kamar mai gasa masara. Juma’a da hantsi rana ta fito, na ruga da shi waje har ina tuntuɓe da turmi. Direba ya kankare koren da bakin reza, yana yi yana mita. Ni kuma na huda gindin, huji biyu. Na yanki ’yar wayar tsohuwar rariyata aka liƙa a kai don kada zanzaro ya shiga ya yi gini. Na ba da kwanon shana aka kifa a bisa ya zama hula. Na kuma ce a sassauta wayar ta yi ciki ta sauko ƙasa da akwatin kafin ta hau ta shiga, don na sha ganin ruwa yana bin igiyar shanya ya taru inda ta lotsa ya ɗiga.

Asabar da safe aka ta da ƙarfen. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki ina kallon kwanona a sama, ina karanta duk abin da na iya.

Ruwa ya ɗauke bayan la’asar. Kafin a ce mi, gida ya cika, mata da yara a gaba kan tabarmi jiƙaƙƙu, maza a bakin zaure, goggon ma ta iso daga Kusada da laka har gwiwa. Ni ina can baya da faifai a hannu, wai ina tsince wake. Direba ya jona batir, ya murɗa. Gilashi ya yi tsaki, ya yi tsaki, sai hoto ya tsaya tar! Yara suka sa ihu.

Aka yi labarai, aka yi wani mai bayanin taki, kamar ba zai gama ba. Sai ga su, ’yan mata cikin fararen kaya sun yi layi. Ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta ukun ta miƙa hannu ta karɓi takarda, ta juyo, ta ɗan karkata kai irin yadda uwata take yi. Ta yi tsawo! Ta yi kumatu! Faifai ya suɓuce, wake ya watse, na ji wata murya ta kira sunanta da ƙarfi ta rangaɗa guɗa. Sai da mata suka juyo suna rufe baki na gane muryata ce.

“Yau kunya ta ƙare a gidan nan!” in ji direba. “Matata, maimaita, na baya ba su ji ba!”

Na shige ɗaki na rufe fuska, ina dariya ina kuka.

Direba ya bar tuƙi da ƙarfinsa ya ragu, ya koma kafa wa mutane eriya daga Kankiya har Kusada, kowane akwati sai ya huda gindinsa, kuma har ya rasu yana cewa dabararsa ce. Maigida ya riga shi da shekara biyu, Allah ya jiƙansu da rahama. Goggo ta yi tsawon rai, ta ga jikoki da tattaɓa kunne. Ɗiyar nan ta dawo ta yi aiki a asibiti, rabin matasan unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, yanzu ita ma ta yi furfura ta aje aiki. Ni kuwa ga ni nan, ido ya yi rauni, sai dai in zauna a inuwa, wanda ya zo in ba shi labari.