Bishiyar Tuffa a Kan Layin Tsakiya

Loretta Vandermeer direbar motar 'yan makaranta ce a wani ƙauyen Ontario, kuma burinta ɗaya ne a duniya: ta shiga gasar horon dawaki, ta bi layin tsakiyar fili ɗoɗar, daga ƙofa har gaban alƙali, ba karkata. Jama'a na roƙon lafiya da rufin asiri, ita baiwar Allah layi take nema.

Ta hana mijinta Wendell sakat har ya share mata fili a bayan gida. Ya zuba yashi, ya kafa allunan haruffa a gefe yadda ƙa'ida ta ce, A a ƙofa, C a mazaunin alƙali. Aiki ya yi kyau, ba laifi. Sai dai a tsakiyar filin cak, daidai inda mahayi ke tsayawa ya gai da alƙali, akwai tsohuwar bishiyar tuffa.

"Wendell, sare min ita," in ji Loretta.

"Haba ke kuwa! Tuffar da kike mana kek da ita? Ki ɗan kauce mana. Doki ai yana da ido."

Ta kauce kuwa. Shekara da shekaru ita da dokinta Baron suna ratsewa ta hagu, tana mita, Wendell na cin kek.

Ranar gasa ta sha baƙar kwat da farar safar hannu, an yi wa Baron kitso a geza. Filin gasar fetal, ko tsinke babu. Suka shigo gwanin sha'awa. Suna kai tsakiya sai suka yi kwana ta hagu, suka zagaye iska cikin ladabi, suka koma kan layi. Alƙalin ya cire tabarau ya leƙa, ko akwai abin da bai gani ba. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya.

Wendell ya sha faɗa wurin Loretta a mota. "Kai da bishiyarka kun lalata min doki! Ka ji daɗi? Sai ka ci kek ɗinka!"

Kunya ta kama shi sosai, don yana son matarsa. Suna isa gida ya ɗauko zarto ya kayar da bishiyar, ya tone kututturen, ya cike ramin da yashi.

Washegari Loretta ta hau Baron, wai za ta gyara masa hali. Doki ya miƙe sambal abinsa, ko a jikinsa. Suna kai tsakiya, sai ga Loretta ta sunkuyar da kai don gudun reshen tuffar da tuni ya koma cikin tarin itacen girki, ta fizgi linzami hagu da ƙarfi. Baron ya turje, ya tsaya yana huci.

Ta daɗe zaune a kan sirdi, idonta ya ciko, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Wendell na jingine da shinge, da kofin kofi a hannu. Ya kurɓa, ya ce, "Ni dai na sare tawa."